Fatar Bagaruwa da Kayan Aikin Baduku

A shekarun nan an sami mutane da dama waɗanda ba su gaji dukanci ba, amma suna koyonsa don sha'awa: ɗalibai, da malaman makaranta, da ma'aikata masu neman abin da hannu zai yi bayan an tashi daga ofis. Irin waɗannan su kan sayi wuƙa da basilla, su zauna gun baduku su kalli yadda ya ke yi, sa'an nan su koma gida su gwada. Sau da yawa aikin ba ya fitowa. Zane ya ƙi zama, bakin fata ya ƙi yin santsi, baƙin da aka shafa ya ƙi kamawa. Sai mai koyo ya ɗora wa hannunsa laifi, ya jingine kayan. Alhali kuwa galibi laifin na fatar da ya sayo ne.

Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, kayan aikin baduku da dabarunsa duk an gina su bisa fata iri guda, watau wadda aka jeme da bagaruwa. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin aikin ba, ko da ya haddace sunayen kayan gaba ɗaya. Maganar ta shafi malaman kwalejojin horon malamai musamman, domin abin da suka koyar ba daidai ba shi ɗalibansu za su kai makarantun da za a tura su.

Darajar fatar ƙasar Hausa

Sana'ar fata daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan. Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya faɗi cikin littafinsa da aka buga a 1550 cewa masu sana'a na Gobir suna yin takalma ana kai su Tambutu da Gao. Da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya kimanta cinikin takalman birnin bisa wuri miliyan 10 a shekara, na jemammun fatun shanu da jajayen fatu kuma wajen miliyan 5, ya ce ana kai su har Tarabulus. Ta wannan hanya ta hamada ne wani kashi na abin da Turawa ke kira fatar Maroko ya isa gare su, alhali asalinsa fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda a Nijar a ke kira jar akuyar Maraɗi.

Akwai wata shaida kuma daga Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 masu ɗakunan karatu na can sun lura bangon littattafansu na fata yana ruɓewa, yana zama jan gari. Da aka bincika, sai aka ga ruwan asid mai ƙarfi da masana'antunsu ke sa wa fata wajen rini, da hayaƙin fitilun gas, suna cikin abubuwan da ke cinye ta. Douglas Cockerell, gwanin ɗinkin littattafai, ya rubuta a 1901 cewa fatar akuya da a ke kawowa daga yankin Kwara ita ya fi samun amfaninta, domin ta jure duk gwajin da aka yi mata. Amma ya yi kukan tabo da aibu da ke ɓata da yawa daga cikinta. Yabon da kukan duk suna da darasi: jimar tana da kyau, ɓarnar kuwa galibi tun wajen fiɗa da shanya ta ke aukuwa, sa'ad da wuƙar mahauci ta zarce, ko aka baza fata bisa ƙasa cikin rana, bayanta ya ƙone cikinta bai bushe ba.

Jima a taƙaice

Hausa ta raba aikin majemi da na baduku, ta kuma raba fata bisa ga halin da ta ke ciki. Ƙirgi fatar sa ce wadda ba a jeme ba, kirgi kuwa jemammiya. Ƙugiyar harafi ɗaya ita ce tsakaninsu, ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai wannan.

Majemi ya kan jiƙa fata ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan toka mai kaifi har gashi ya saki. Daga nan ya shimfiɗa ta bisa gungume ya kankare gashin da ragowar nama da kartaji. Bayan wannan a kan sa ta cikin ruwan da aka jiƙa kashin tattabaru ko ganyen fataka, domin kaifin toka ya fita, jikin fatar ya buɗe. Sa'an nan a zo ga bagaruwa, wadda waɗansu ke kira gabaruwa. A kan daka kwanson 'ya'yanta a jiƙa, a tsoma fata ana cuɗawa, ana sake ruwa, har ta ratsa ta sarai. A ƙarshe a wanke, a shafa mai, a ja ta a murza har ta yi taushi, a shanya a inuwa.

To, me bagaruwa ke yi wa fata? Jikin fata zaruruwa ne ƙanana masu sarƙe da juna. Cikin bagaruwa akwai wani abu mai bauri wanda masana ke kira tanin, shi ne ke kama waɗannan zaruruwa ya hana su ruɓewa, ya kuma cike tsakaninsu. Saboda haka fatar bagaruwa ta ke da hali uku. Tana shan ruwa ta yi laushi, in ta bushe kuma ta riƙe siffar da aka ba ta. In an goge ta da abu mai santsi sai ta danne ta yi sheƙi. In ƙarfe ya taɓa ta da laima sai wurin ya yi baƙi. Bisa waɗannan halaye uku dukanci ya ke tsaye.

Jimar masana'anta dabam ta ke. Tun 1884, sa'ad da Augustus Schultz ya fito da dabararsa a Amurka, aka shiga jima da gishirin wani ma'adini mai suna kurom, yau kuwa mafi yawan fatun duniya da shi a ke jeme su, har da na manyan masana'antun Kano da ke Sharaɗa da Chalawa. Jima ce mai sauri, fatarta tana da taushi, tana jure ruwa da zafi, ta dace da takalmin zamani da jaka da kujerar mota. Sai dai ba ta da ko ɗaya cikin halayen nan uku. Guntayenta kuma su ne suka fi araha a kasuwa, don haka su mai koyo ya fi saye.

Kayan aiki da dalilinsu

Kayan baduku ba su da yawa, za su shiga zabira guda. Na farko wuƙa, tare da dutsen wasi da allon yanka. Da wuƙa a ke yanka, da ita kuma a ke rage kaurin bakin fata inda za a naɗe ko a haɗa biyu. Fatar bagaruwa tana da tauri daidai, tana tsayawa wuƙa ta bi ta; fatar kurom kuwa sai ta miƙe ta gudu gaban wuƙa, yankan ya karkace. Amma fa yankan fata yana cin kaifi, shi ya sa za ka ga baduku ba ya daɗewa bai mai da wuƙarsa bisa dutse ba. Dakusasshiyar wuƙa ita ta fi yankan mai ita, domin sai an danna ta da ƙarfi.

Na biyu basilla da allura. A kan huda tukuna, sa'an nan a bi da zare ko siririyar fata da aka yanko. Hudar basilla tana raba zaruruwan fata ne, ba ta cire kome, saboda haka in an ja ɗinki aka buga shi sai ramin ya koma ya kama zaren. Wanda ya huda da ƙarfen da ke cire nama ya bar rami har abada.

Na uku tsinken ƙarfe mai dakusasshen baki na jan layi, da ƙananan ƙarafa masu siffa a baki waɗanda a ke bugawa su bar alama. A nan halin farko ya ke aiki. A kan ɗan shafa wa fata ruwa, a dakata har launinta ya fara komowa, sa'an nan a ja zane. In ta jiƙe da yawa zanen zai cushe, in ta bushe ba zai shiga ba. A fatar kurom ko an danna sai wurin ya taso ya shafe.

Na huɗu dutse mai santsi ko kwalba ta guga, wadda ke fito da sheƙi ba tare da an shafa wani abu ba. Na biyar dalaki, watau kunun gari mai kauri da a ke liƙi da shi kafin ɗinki. Yana kama fatar bagaruwa domin tana tsotse ruwansa. Bisa fatar da aka rufe fuskarta da fenti sai ya bushe ya ɓare.

Akwai kuma wata dabara ta ado da a ke gani jikin titimi da gafaka da kube: a tsaga fuskar rinanniyar fata sama-sama bisa zane, kamar dagi, sa'an nan a ɗaye saman a bar farin ciki ya bayyana. Wannan ba ya yiwuwa sai rini ya tsaya a fuska bai ratsa ba, kamar yadda rinin gargajiya ke yi.

Rini

J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa cikin littafinsa na 1916, yawancin kayan rinin fata kuwa daga irin waɗannan tsirrai su ke fitowa. Ja daga karan dafi ya ke, wata irin dawa da a ke nomawa don jan kuben ganyenta. A kan daka shi a haɗa da ruwan toka ko kanwa. Rawaya daga gangamau, ko saiwar tsiron da ita kanta a ke kira rawaya. Koriyar fata, watau korino, da garin tagulla a ke samun launinta. Yanzu galura ta kanti ta maye gurbin da yawa cikin waɗannan.

Baƙi shi ya fi ba da darasi. Kuloko ruwa ne da a ke jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki, tare da abu mai zaƙi ko tsami, a bar shi ya kwana biyu. In ka dube shi cikin kasko ba baƙi ƙirin ba ne. Sai ya sadu da tanin da ke jikin fata sa'an nan baƙin ya fito, ya zauna cikinta, ba ya gogewa. Watau rabin rinin yana cikin kasko, rabi yana cikin fata. In an shafa kuloko bisa fatar kurom ba abin da zai faru sai ɗan dauɗa. Wannan hali kuma shi ne ke ɓata wa mai koyo aiki: in ya ajiye wuƙa ko ƙusa bisa jiƙaƙƙiyar fata, ko garin wasi ya zuba mata, da safe sai ya tarar da ɗige-ɗigen baƙi.

Yadda za a gane fata

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ga gwaji biyar waɗanda kowane malami zai iya yi gaban aji da guntun fata.

Na ɗaya, a yanka a dubi tsakiyar yankan. Fatar bagaruwa fara ce mai ratsin ƙasa-ƙasa. Ta kurom, in rini bai ratsa ta ba, tana nuna shuɗi-shuɗi mai toka. Na biyu, a ɗiga ruwa a bayanta, a danna farce. In alamar ta zauna bayan ta bushe, ta bagaruwa ce. Na uku, a jiƙa ta a ɗora tsatsattsiyar ƙusa, a duba bayan sa'a guda ko wurin ya yi baƙi. Na huɗu, a jefa guntu cikin ruwan zafi. Ta bagaruwa tana ƙanƙancewa ta murɗe tsakanin digiri 70 da 85, tun ruwa bai tafasa ba. Ta kurom mai kyau tana jurewa har kusa da tafasa. Na biyar, a ƙona ɗan ƙanƙanen guntu a fili, ba cikin ɗaki ba. Tokar fatar kurom tana da kore-kore.

Shawara ga mai koyarwa

Kada a fara darasi da ɗinki. A fara da waɗannan gwaje-gwaje, sa'an nan a shimfiɗa fatar akuya sukutum a nuna wa ɗalibai sassanta: gadon baya da ƙugu sun fi ƙarfi, ciki da hammata sun fi sakwarkwacewa. Maɗauri da duk abin da zai ɗauki nauyi a yanko shi bisa tsawon baya, domin ta nan fata ba ta cika miƙewa ba. A nuna musu kuma fatar tunkiya ba ta kai ta akuya ƙarfi ba, fuskarta tana saurin rabuwa da cikinta. Aikin farko ya zama ƙarami, kamar alabe ko kuben wuƙa, inda yanka da rage baki da huda da ɗinki da guga duk za su shigo.

In da hali, a kai ɗalibai majema, irin ta Ƙofar Wambai a Kano, su ga aikin da idonsu, gama gani ya kori ji. A sa su rubuta sunan kowane abu daga bakin mai sana'a, tare da garin da aka ji shi, domin sunayen su kan bambanta tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram. Wannan aiki zai amfani masu nazarin harshe, domin kalma irin kartaji ko kuloko ba ta daɗewa a bakin mutane bayan abin da ta ke nufi ya bar hannunsu. A Samarun Zariya akwai cibiyar nazarin fata ta gwamnatin tarayya, inda mai son zurfafa ilmin jima zai nemi ƙarin bayani.

Ɗalibin da ya iya rarrabe fata kafin ya biya kuɗinta, ya kuma san abin da ya sa kowane ƙarfe ke aiki bisanta, ya sami tushen da zai gina sauran a kai. Abin da ya rage sai yawan yi da haƙuri. Allah ya sa mu dace.