Ciwon fata mai naci: me jini ke faɗa?

A Godogodo da sauran garuruwan ƙasar Jama'a, ƙaiƙayin da ya daɗe a jiki galibi kirci ake kiransa, maganinsa kuma man shafawa ne daga kemis. Amma akwai wanda ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce da kanta ke far wa fata. Soriyasis na cikin irin waɗannan: tabo mai kauri da farin ɓawo a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai, wanda kan tsananta da hunturu. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, duk da ƙyamar da ake nuna wa masu shi. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin manyan cututtukan da ba a ɗauka, kuma yakan zo tare da amosanin gaɓɓai, ciwon suga da ciwon zuciya.

Shi ya sa nake ganin duban fata kaɗai bai isa ba. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen tantance tsananin ciwon yana dogara da jan da fata ta yi, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka. Ido na iya raina ciwo mai tsanani. Jini kuwa ba ruwansa da launin mai shi. Idan kumburi ya tashi a jiki, hanta na sakin wani furotin mai suna CRP, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a Amurka a 1930. Cikin sa'o'i kaɗan yake hauhawa, ya sauka da sauri idan kumburin ya lafa, don haka awon yau da na bayan wata uku kan nuna ko magani na aiki a ciki ko kuwa man shafawa ne kawai ya lulluɓe saman.

Wani zai ce a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kama kowa da damina, wannan awo ba shi da amfani, tunda zazzaɓin ma na ɗaga CRP, haka tarin fuka da kowane maruru. Gaskiya ne, kuma mai ƙaramin soriyasis ma na iya samun sakamako daidai. Awon ba ya faɗin sunan cuta, yawan kumburi kawai yake nunawa. Abin yi shi ne a fara da gwajin zazzaɓi, a jira jiki ya huce, sannan a auna. Idan har lokacin adadin bai sauka ba, ga gaɓɓai na sanƙarewa da safe, to majinyacin ya wuce hurumin kemis. A tura shi babban asibitin Kafanchan, in ta kama har asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likitan fata zai haɗa da awon suga da hawan jini.