Akori-Kura Ba Ta Mutuwa Sai An Kashe Ta

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da kaka, ko ya ratsa ta Kabo da Garo, ya ga tsofaffin motocin nan da muke kira akori-kura, sun sha lodin masara da dawa, sun nufi kasuwar Getso ko ta Dawanau. Da yawa cikinsu Peugeot 404 ne ko 504. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, shi ya sa suka cika ƙasar nan, makanikanmu kuma suka san su ciki da waje. Tun da darajar Naira ta faɗi a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙungiyar ƙauye. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin haya ya ƙara nauyi. Saboda haka tsohuwar da ke hannunmu ita ce dukiyarmu.

Mu dai sai da muka sha wuya muka koyi wannan. Wata rana da rani muka loda kwandunan tumatir na mutum goma sha ɗaya, muka kama hanyar Kano. Ba mu yi nisa ba sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Ashe fanbel ne ya tsinke, direba bai lura ba har inji ya yi zafi. Cikin gaggawa muka kwarara masa ruwan sanyi, kan injin ya lanƙwashe. Motar ta kwana uku a gefen hanya, tumatir ya ruɓe, kuɗin gyara ya cinye ribar shekara. Fanbel ɗin nan ya yi wata biyu yana kuka, kowa yana ji, ba wanda ya ce aikinsa ne.

Ga abin da muke yi yanzu.

Kowace safiya, kafin a ta da inji, a duba abu huɗu. Na fari baƙin mai: a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sāke zarowa. Tilas mai ya tsaya tsakanin zane biyun nan. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kada motar ta fita. Na biyu ruwan lagireto, a cika shi da ruwa mai tsabta, ba na kududdufi ba, gama laka takan toshe ƙananan hanyoyinsa. Na uku man birki. Na huɗu iskar tayoyi, har da safaya, tun suna da sanyi. Sa'an nan a leƙa ƙasa inda motar ta kwana. Ɗigon mai ko na ruwa shi ne bakin da mota take magana da shi.

Kowane mako a danna fanbel da babban yatsa a tsakiyarsa. In ya lotsa kamar santimita ɗaya, daidai ne. In ya tsattsage, a canja shi, a kuma ajiye wani a bayan kujera. Batir mai murafu, in ruwansa ya ragu, a ƙara masa ruwan batir, ba asid ba. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a shafa giris.

Babban magabcin inji a ƙasarmu shi ne ƙura, balle da hunturu. Ƙurar da ta wuce matatar iska takan gauraya da mai ta dinga cin cikin inji kamar dutsen niƙa. In matatar ta takarda ce, a kakkaɓe ta a hankali, in ta huje a sayi wata. In mai kasko ce, a zubar da tsohon man da ke ciki, a wanke, a zuba sabo zuwa zane. Kada a yi tafiya ba matata ko da ta mil ɗaya ce. Baƙin mai a juye shi bayan kilomita 5,000, amma mu masu bin hanyar burji mun fi so a yi a 3,000, tare da sabuwar filta. Injin yakan sha wajen lita 4. Fetur na galan a bakin hanya kuwa a tace shi da ƙyalle mai tsabta, don datti kada ya toshe kafireto.

In mota ta ƙi tashi, ko tana shaƙewa, a fara da fulogi. Guda huɗu ne. A kwance su ɗaya-ɗaya don kada wayoyi su rikice, gama wuta tana bin su a jere 1, 3, 4, 2. A goge baƙin, a daidaita bakin fulogi kamar milimita 0.6, na kwantak kuma 0.4. Ma'aunin wannan ba shi da tsada a Ƙofar Ruwa cikin Kano.

Batun lodi, an yi motocin nan don ɗaukar wajen tan guda, watau buhu 10 masu kilo 100. Mukan ga an ɗora 18, da fasinja a bisa. Ribar buhunan nan takwas ita ce takan koma kuɗin sifirin, da taya, da kuloci, wani lokaci har da rai, gama birki ba ya riƙe abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai abubuwan da ba a yi ko kaɗan. Ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, kuma ba a zuba masa ruwan sanyi, domin kan injin na alminiyam ne, nan da nan yake lanƙwashewa. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da katako mai ƙarfi. Ba a zuba baƙin mai ko ruwan sabulu a madadin man birki. Ba a zuƙo fetur da baki.

Mu kuma san iyakarmu. Cikin birki, da giya, da buɗe kan inji, aikin makaniki ne wanda ya ƙware. Abin da ke namu shi ne mu kai masa mota tun ciwon yana ƙarami.

A ƙarshe, shawara ga shugabannin ƙungiyoyi. A zaɓi mutum ɗaya wanda motar take wuyansa, a ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar juye mai da abin da aka canja. Daga kuɗin kowace tafiya a ware wani abu a asusun gyara, kada a taɓa shi don wata hidima. A yi babban gyara a watan Satumba, kafin amfanin gona ya iso gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.