TSIBIRIN DA AKE ƘIDAYAR TSUNTSAYE 'YAN CIN RANI

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, kowa ya san shamuwa: in ta iso, damina ta kusa. To, akwai waɗansu tsuntsayen da tafiyarsu ta fi tata nisa. Daga ƙasashen Turai suke tasowa, su ƙetare teku da Hamada, su ci rani a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi.

Ɗaya daga cikin zangonsu shi ne wani ɗan tsibiri da ake kira Fair Isle, can arewacin Sikotilan. Tsawonsa mil 3 ne kacal, mazaunansa kuwa ba su kai 100 ba. A 1948 wani mutum mai suna George Waterston ya kafa gidan binciken tsuntsaye a wurin. Gobara ta cinye gidan a 2019, aka sake gina shi.

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, watau lokacin da gero ke nuna a gida, tsuntsayen suke kama hanyar kudu. In iskar gabas ta kaɗo su tsakiyar teku, sai su faɗa tsibirin a gajiye. Kullum ma'aikata sukan raba tsibirin kashi 3, su bi shi da ƙafa da tabarau mai jawo nesa, suna ƙidaya. Wanda ya shiga tarkon raga sai a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi.

Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. Ba haka ba ne. A 1969 masu irin wannan ƙidaya a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya yi ƙaranci ƙwarai, wajen kashi 2 cikin 3 ba su komo ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙarancin ruwan saman 1968 a ƙasashenmu na bakin Hamada ne ya hallaka su. Farin nan kuwa shi ya yi ta tsananta har ya kai ga yunwar 1973, wadda ta kashe dabbobi, ta kori mutane daga garuruwansu.

Saboda haka in yaro ya kama tsuntsu mai zobe a ƙafa, a rubuta lambar, a sake shi. Baƙo ne, kuma yana da gidan komawa.