Haɗin Katakon Bakin Rufi: Mu Sa Ido A Kan Kafinta

'Yan'uwa fatake, duk wanda ke kai shanu kasuwar Muwailih ta yammacin Omdurman ya san amfanin ɗakin ajiye dusa da harawa. To, ɓarnar rufin irin wannan ɗaki takan faro ne daga katakon bakin rufi, wato wanda ake bugawa a ƙarshen rafta, ƙarƙashin kwano. Katako ɗaya ba ya kai tsawon ɗaki, tilas a yi haɗi, kuma a nan gizo ke saƙa.

Kada mu yarda kafinta ya gama kai da kai kurum. Zafin Khartum yakan haura digiri 40 a watan Mayu, katako ya tsuke, haɗi ya buɗe baki. Guguwar habub ta samu kafa ta girgiza shi, ruwan Agusta ya shiga ya ruɓar da shi. Daga nan sai kwano ya yaye, dusa ta jiƙe.

Ga yadda ake yi. A sayi busasshen katako. A yanka bakin kowanne a karkace, digiri 45, ɗaya ya hau kan ɗaya. Haɗin ya faɗa daidai kan rafta, in kuwa bai faɗa ba, a tokare shi da guntun katako ta baya. A shafa fenti a bakin yankan tukuna, don ta nan ruwa ke shiga. A dakushe tsinin ƙusa da guduma kada ta tsaga katakon, sannan a buga biyu.

Mu tsaya a yi a gabanmu. Allah ya ba da kasuwa, amin.