Ƙafa ta biyar: ƙarfen da ke haɗa mota da tirela

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron da ya taso daga Yamai, ya bi Doso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, ya ga manyan tireloli suna wucewa da albasa ko siminti. Tirela kashi biyu ce: akwai kai mai inji, akwai bodi mai kaya. Abin da ke haɗa su wani faifan ƙarfe ne mai tsaga, kwance a bayan kan motar. A ƙarƙashin bodin akwai wata ƙatuwar ƙusa, kaurinta ya ɗara santimetir 5 kaɗan. Ƙusar ta kan shiga tsagar, wani muƙamuƙin ƙarfe ya kulle ta. In mota ta sha kwana, bodi ya juya bisa faifan.

Da Faransanci sunan faifan selet, wato ƙaramin sirdi. Amurkawa kuwa suna ce masa ƙafa ta biyar. Sun samo sunan daga kekunan doki na da, masu ƙafa 4, waɗanda ke da wani zobe kwance a gaba don juyawa. A shekara ta 1914 wani maƙeri na birnin Ditiroyit, mai suna August Fruehauf, ya ƙera bodin da ke ɗora gabansa bisa ƙaramar mota, don wani ɗan kasuwar katako. Daga nan sana'ar ƙera tirela ta bunƙasa.

A Amurka har ƙananan motoci masu buɗaɗɗen baya, irin bashe, ana sa musu wannan faifai. Da shi suke jan ɗakin kwana mai ƙafafu da manyan tireloli na kaya.

Me ya sa ake ɗora shi cikin bodi?

Mai amalanken jaki ya san amsar. In kaya sun koma baya, sanduna su ɗaga, jaki ya rasa inda zai taka. In kaya sun zauna daidai bisa ƙafafu, tafiya ta yi daɗi. Haka mota take. Ƙugiyar da ke can ƙarshen mota ta kan danne baya, gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya ƙi jin magana. Shi kuwa faifan ana kafa shi daidai bisa sandar da ta haɗa ƙafafun baya, ko gabanta kaɗan. Nauyi ya zauna wurin da mota ta fi ƙarfi, tirela ta rage lilo a hanya.

Iri nawa ne?

1. Faifai kafaffe. Ba ya motsi daga wurinsa. Shi ya fi araha. Ya dace da mota mai dogon bodi, wajen metir 2 da santimetir 40.

2. Faifai mai zamewa. An yi shi don mota mai gajeren bodi, metir 2 ko ƙasa da haka. In za a sha matsattsiyar kwana, sai ya zame baya, don kada goshin tirela ya fasa gilashin mota. Wani da hannu ake zame shi, wani shi ke zamewa da kansa. Ya fi na farko tsada da nauyi.

3. Dunƙulen ƙarfe da ake kira wuyan dinya. Wannan ɗan uwan faifai ne. Ƙwallon ƙarfe ne guda a tsakiyar bodi, kaurinsa kusan santimetir 6. Makiyayan Amurka sun fi son shi don jan tirelar shanu da dawaki, saboda yana jure hanyar daji, kuma ba ya cinye wurin kaya.

Nawa ake kashewa?

Kuɗin kashi uku ne: na faifai, na ƙarafan da ke riƙe shi, da ladan makanike. A Amurka faifai kafaffe ya kan fara daga wajen dalar Amurka 500, wato kusan jika 300 na sefa. Mai zamewa da kansa ya kan wuce dalar Amurka 1.500, kusan miliyan guda ke nan. Ƙarafan riƙewa da ladan aiki su ma ɗaruruwan dalar Amurka ne. Aikin ya kan ci rabin yini. Wasu sababbin motoci suna fitowa daga masana'anta da ramukan kafa faifai, su aikinsu ya fi sauƙi. Wanda zai kawo irin wannan kaya Nijar, sai ya ƙara kuɗin jirgi da na duwan.

Lissafin da ya fi kuɗi muhimmanci

Wajen kashi 1 cikin 5 na nauyin tirela yana sauka ne bisa faifai. Ga misali. Tirela da kayanta sun kai tan 5. Kashi 1 cikin 5 na tan 5 shi ne tan 1. Ke nan bayan mota zai ɗauki kilo 1.000, ban da nauyin faifan, da direba, da fasinja.

Mota irin Toyota Hilux, duk abin da take iya ɗauka wajen tan 1 ne. Abin da aka yarda ta ja kuwa bai wuce tan 3 da rabi ba. Tirela mai tan 5 ta fi ƙarfinta nesa. Shi ya sa a Amurka manyan motoci irin Ford F-250 da F-350 da Ram 2500 aka fi sa wa faifai. Faifai mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Sirdin doki ba ya mai da jaki doki.

Gargaɗi ga masu mota da ƙungiyoyin manoma

Ƙungiyar da ke son jan tirela don kai gero ko wake kasuwa ta kula da waɗannan:

– A duba takardun mota, a san nauyin da aka yarda ta ɗauka da wanda aka yarda ta ja.

– Faifai ko ƙugiya, a ɗaure shi jikin shasi da manyan kusoshi masu noti. Kada a manna shi da walda bisa kwanon bodi. Kwanon ba shi da kauri, ya kan yage a hanya.

– Tirela mai nauyi ta zama tana da birkinta da fitilunta.

– A shafa wa faifai giris. Kafin a tashi, a leƙa a ga muƙamuƙi ya kulle ƙusa, a ɗan ja a gwada.

– A tambayi ofishin sufuri irin permi da takardun da tirela ke bukata.

– Kada mutum ya hau tirela in tana tafiya.

Tirelar da ta kwance a gangara ba ta zaɓen wanda za ta taka. A yi lissafi tun a gida, kafin a kai kuɗi gareji. Rigakafi ya fi magani.