Garin American Beach da Masu Dogayen Benaye

A arewa maso gabashin jihar Florida ta ƙasar Amurka akwai wani tsibiri da a ke kira Amelia. A bakin tekunsa akwai wani ɗan gari, sunansa American Beach. Gidajensa ƙanana ne, ga kuwa manyan masaukai na masu kuɗi sun sa shi tsakiya, kudu da arewa. Ga labarin kafuwarsa, da dalilin da ya sa mutanensa su ke fama don kada ya ɓace.

A zamanin da, dokokin kudancin Amurka sun raba Turawa da baƙar fata a makaranta da asibiti da jirgin ƙasa, har da wurin wanka a teku. Akwai wani attajiri baƙar fata a birnin Jacksonville, Abraham Lincoln Lewis, shugaban wani kamfanin inshora. A cikin shekara ta 1935 kamfaninsa ya sayi fili a tsibirin nan, ya yi ta ƙarawa har ya kai eka 216. Aka yanka filaye aka sayar wa baƙar fata, domin su sami wurin shan iska inda ba mai wulakanta su.

Nan da nan gari ya bunƙasa. Aka gina masaukai da gidajen abinci. Lokacin zafi jama'a su kan zo cikin motoci daga jihohi masu nisa, mashahuran mawaƙa kamar su Ray Charles su kan yi musu wasa.

A cikin 1964 abu biyu suka faru. Na fari, aka kafa dokar da ta hana wariyar launin fata a wuraren jama'a. Na biyu, wata guguwa da a ke kira Dora ta rushe gidaje da yawa. Dokar nan alheri ce babba, amma tun da kowane bakin teku ya buɗe ga kowa, sai baƙi suka ragu, ciniki ya faɗi. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sa'an nan sai manyan kamfanoni suka shigo tsibirin, suna gina masaukai da dogayen benaye. Mai karatu zai ce, ina laifin gini? To, a Amurka harajin gida ya danganta ga darajar filinsa. In aka gina bene mai tsada kusa da kai, darajar filinka ta hau, haraji kuma ya bi ta. Tsohuwar da ta gaji ɗan gida wurin iyayenta, in ta kasa biya, sai ta sayar. Da haka garin ya yi ta ƙanƙancewa, har wajen rabin filinsa ya fita daga hannun mutanensa.

Wadda ta fi kowa tsayawa a kan maganar nan ita ce MaVynee Betsch, tattaɓa-kunnen Lewis. Da mawaƙiya ce a Jamus, amma ta komo gida, ta ba da dukiyarta domin kiyaye daji da namunsa, ta zauna a bakin tekun. Kowane baƙo ya zo, sai ta zaga da shi tana ba shi tarihin wurin. Akwai wani tudun rairayi mai tsawon kamar ƙafa 60, ta sa masa suna NaNa, ta hana masu gini sakat a kansa.

Wahalarta ba ta tafi banza ba. A cikin 2002 aka sa garin cikin littafin wuraren tarihi na ƙasar Amurka. Ba da daɗewa ba aka danƙa tudun nan ga hukumar da ke kula da gandayen ƙasa, watau ba mai gini a kansa kuma. Ta rasu a 2005. A 2014 aka buɗe gidan tarihi a garin.

Amma fa shiga littafin tarihi ba ya hana mai fili sayar da filinsa, ba ya kuwa rage haraji. Saboda haka zaman garin yana hannun magada. Muddin suna riƙe da gidajen kakanninsu, suna kuma halartar taron hukuma duk sa'ad da a ke shawarar sabon gini, to, garin yana nan.