Sojojin haya da rage shekaru a wasannin ɗalibai: ina iyakar ɗan jarida?

Duk lokacin da gasar makarantu ta ƙarato, ko a filin wasa na Jolly Nyame da ke Jalingo ko a wani filin a ƙasar nan, akan ji raɗe-raɗi iri guda: makaranta kaza ta ɗauko ɗan wasan da ba ɗalibinta ba ne, ko kuma wane ya rage shekarunsa. Masu sha'awar wasanni na kiran irin waɗannan 'yan wasa da sunan sojojin haya. Matsala ce da masu shirya gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da takwarorinta NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha da NICEGA ta kwalejojin ilimi, suka daɗe suna fama da ita.

Tambayar da ke gaban ɗan jarida ita ce: idan irin wannan zance ya zo kunnensa, me ya wajaba ya yi, me kuma ya haramta gare shi?

Abin da ya sa ba a yin shiru

Akwai masu ganin cewa wasa wasa ne, bai kai a tayar da jijiyar wuya a kansa ba. Sai dai duk sojan hayar da aka sanya wa rigar makaranta, gurbin wani ɗalibi na gaskiya ya cinye, tare da kyautar da zai samu da damar da wani mai horarwa zai gan shi.

Ƙasa ma takan ɗanɗana kuɗarta. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu, saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasanta uku, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2016 kuwa, 'yan wasa 26 na tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin shekaru ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, daga bisani kuma Nijar ta fitar da Najeriya.

Darasi daga ƙwallon kwandon Amurka

A Amurka, ƙwallon kwandon jami'o'i harka ce ta maƙudan kuɗi, kuma hukumar NCAA ta shimfiɗa dokoki masu tsauri kan yadda ake zawarcin matasan 'yan wasa. A 1985 jaridar Lexington Herald-Leader ta bankaɗo yadda ake bai wa 'yan wasan Jami'ar Kentucky kuɗi a ɓoye. Magoya bayan ƙungiyar suka fusata, wasu suka daina sayen jaridar, har aka yi mata barazanar bam. A 1986 'yan jaridar biyu, Jeffrey Marx da Michael York, suka samu lambar yabo ta Pulitzer.

A watan Maris na 1999, George Dohrmann na jaridar St. Paul Pioneer Press ya wallafa cewa wata ma'aikaciya ce ke rubuta wa 'yan wasan Jami'ar Minnesota ayyukan aji. Labarin ya fito ana gobe ƙungiyar za ta buga wasanta na farko a babbar gasar ƙasa, lamarin da ya sa har gwamnan jihar ya soki lokacin da aka zaɓa. Binciken jami'ar ya tabbatar da maguɗin. A 2017 kuma hukumar FBI ta kama mutum 10, ciki har da mataimakan masu horarwa huɗu da wani jami'in kamfanin Adidas, kan zargin cin hanci wajen ɗaukar 'yan wasa.

Irin wannan fushi ba baƙo ba ne a Najeriya. A 2009, lokacin da ƙasar ke karɓar baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, tsohon ɗan wasan Green Eagles, Adokiye Amiesimaka, ya yi zargin cewa kyaftin ɗin tawagar ya zarce shekarun da aka ƙayyade. Da yawa sun zarge shi da rashin kishin ƙasa. Ke nan mai tona irin wannan asiri ya shirya wa ɓacin ran jama'arsa, don haka dole hujjarsa ta fi ƙarfin musu.

Ƙa'idojin aikin

Kundin ƙa'idojin 'yan jaridar Najeriya, wanda aka amince da shi a Ilorin a 1998, ya ba da haske kan abubuwa huɗu da suka shafi wannan batu.

Na farko, tabbatar da gaskiya da yin adalci. Gemu ko tsayin jiki ba hujjar shekaru ba ne. Hujja ita ce rajistar makaranta, lambar shiga jami'a, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko lasisin da ɗan wasan ya taɓa bugawa da shi a wata ƙungiya. Ko gwajin MRI da FIFA ta fara amfani da shi a gasar 2009 yana duba haɗewar ƙashin wuyan hannu ne kawai, ba ya faɗin ranar haihuwa. Sannan wajibi ne a tuntuɓi wanda ake zargi, a ba shi isasshen lokaci ya kare kansa kafin a wallafa.

Na biyu, kare majiya. Sau da yawa mai kawo tsegumin malami ne ko ɗan wasan da zai iya rasa aikinsa ko gurbinsa. Idan an yi masa alkawarin sakaya suna, ba a warwarewa. Amma ɗan jarida ya tambayi kansa: me wannan mutum zai samu idan labarin ya fita? Mai horarwar da aka doke jiya yana iya faɗin gaskiya, yana kuma iya neman huce haushi. Maganarsa mafarin bincike ce kawai.

Na uku, ƙin karɓar na goro. Wakilin wasanni yakan yi tafiya a motar ƙungiya, ya kwana a masaukin da ta kama. A gari irin Jalingo, inda ɗan jarida da mai horarwa da jami'in hukumar wasanni kan haɗu a masallaci ko coci ko wajen ɗaurin aure, nauyin ido ya fi yawa. Wanda alaƙa ta ɗaure masa hannu, ya miƙa labarin ga editansa a ba wani.

Na huɗu, tausaya wa yara. Yawancin waɗanda ake kamawa 'ya'yan talakawa ne, kuma manya ne suka shirya musu takardun. Wasu an haife su a ƙauyukan da ba a yi musu rajistar haihuwa ba, sai takardar rantsuwa ta kotu da wani ya cike musu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: alƙalami ya fi cancantar ya nufi dillali da mai horarwa da jami'in da ya buga hatimi. Sunan yaro da hotonsa idan suka hau intanet ba sa goguwa, ko da an wanke shi daga baya.

Batun lokaci

Shin a fitar da labari ana jajibirin wasan ƙarshe, ko a jira? Mizanin shi ne kammaluwar bincike. Jinkirta labarin da ya nuna don kada ƙungiyar gida ta sha kashi, haɗa baki ne da masu maguɗi. Gaggauta wanda bai nuna ba don a riga abokan aiki, zalunci ne ga wanda ake zargi.

Dokoki ma suna canzawa. Tun daga Yulin 2021 NCAA ta halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da a da laifi ne. Saboda haka ɗan jarida ya karanta dokar gasar da yake rahoto a kai, ya faɗa wa mai karatu takamaiman sashen da aka karya.

Jihar Taraba na da Jami'ar Jiha a Jalingo tun 2008, da Jami'ar Tarayya a Wukari tun 2011, da matasa masu ɗimbin baiwa. Abin da zai kare su shi ne makarantu su riƙa bayyana sunaye da lambobin 'yan wasansu kafin gasa, 'yan jarida kuma su riƙa bin diddigin jerin, su wallafa abin da suka tabbatar, su gyara a fili idan sun yi kuskure.